Gefen da Inna Ke Zama

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, da ɗalibanki na makaranta. Yaya ƙafar ƙaramin da kika ce ya gurɗe? Idan har yanzu da kumburi, kada ki bari a yi ta murza ta. Na taɓa karantawa a wata ƙasida cewa murzar ƙara ɓarna take yi. Mu nan lafiya lau, sai godiya, in ban da jikin Inna, wanda shi ne dalilin rubutun nan, ko kuwa in ce rabin dalilinsa.

Kada hankalinki ya tashi. Tana cin abinci, ko da yake kaɗan ne, tana salla a zaune, tana kuma yi wa matata faɗa a kan yadda take shanya, abin da ni a wurina alamar sauƙi ce. Amma likita ya ja ni gefe ya ce zuciyarta ta gaji, kuma abin da ya rage mana shi ne lallaɓawa. Na roƙe shi ya rubuta mini bayanin domin in nazarta a tsanake. Ya dube ni ya ce babu abin rubutawa.

Sauran rabin kuwa ga shi. Ranar da muka dawo daga asibiti na shiga ɗakinta domin in gyara sakatar tagar nan da ke kwancewa, sai ta ce in bar taga in jawo mata gwangwanin da ke ƙarƙashin gado. Kin san shi, wanda take tara maɓallai da tsofaffin allurai. A can ƙasansa, cikin wani ƙyalle, ta ciro katin aikin Baba na wurin tsaga katako, da hotonsa a jiki. Auta, ni da nake sana'ar hoto tun kafin a yi miki aure, ban san akwai hoton mahaifinmu a cikin gidan nan ba. Sai da na nemi wuri na zauna.

Ta ce duk lokacin da ta bi ta ƙofar shagona tana ganin hotunan mutane a jere a bango, miji da mata kafaɗa da kafaɗa, ita kuwa ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara tare da mijinta ba. Ta ce ta ji labarin na haɗa wa wata mata hotonta da na ɗanta da ke aiki a nesa, har ba wanda ya gane cewa ba tare aka ɗauke su ba. Saboda haka tana so in zaunar da ita kusa da Baba, ko da a takarda ne, ta gani da idonta kafin ta tafi. Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce in daina gaya mata abin da za ta daina, in je in yi aikina.

Bari in bayyana miki wahalar abin, domin kada ki ga na daɗe ki ɗauka sakaci ne. Hoton bai kai kwalin ashana girma ba. Hatimin wurin aikin ya hau kafaɗarsa, tsatsar ƙarfen da aka maƙala shi da shi kuma ta ci saman hularsa. Dole in sake ɗaukarsa da kyamara, in girmama shi a ɗakin duhu, in share hatimin da ɗan burushi ɗigo-ɗigo. Sannan in ɗauki Inna da haske irin wanda ya sauka a kansa, in yanke su duka biyu da reza, in manna su a kan takarda guda, in sake ɗauka. Duk wannan ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Daga ƙasidun nan ne da ake sakowa cikin kwalin fim da na maganin wankin hoto, waɗanda kike yi mini dariya kina cewa na fi sanin su fiye da sunayen 'ya'yana.

Jiya da hantsi na ɗauke ta a bakin taga. Ta sa a ciro mata mayafin nan mai ruwan ƙasa. Na yi mata tayin in rage layukan tsufan da ke fuskarta, ganin cewa Baba a hotonsa bai kai ko kusa da shekarun da nake da su yanzu ba. Ta ce in bar mata fuskarta yadda take, gara ya ga abin da ni da ke muka mai da ita.

Ki gaishe mini da maigidanki da yara. Matata tana gaishe ki. Idan za ki ba da amsa ki rubuta. Kin san ba na sakewa a waya, sai in riƙa jin kamar wanda ke can ya gaji da saurarona.

Ni ne yayanki,
Mai Hoto

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta wa Inna ita sau biyu bisa umarninta. Mun gode Allah da ƙafar yaro ta sauka. Na fahimci cewa ba za ki samu fitowa ba sai an ba da hutun makaranta, kuma ban ga laifinki ba. Ƙafafun Inna sun ɗan kumbura, tana kuma haki idan ta yi doguwar magana, amma ba ta rage maganar ba.

Kin tambaye ni yadda Baba yake, tun da kina goye aka yi rasuwar. Lokacin da fuskarsa ta fara fitowa cikin ruwan magani, ƙarƙashin jar fitila, goshi ne ya fara bayyana, kuma goshinki ne sak. Girarsa ma taki ce, har da yadda ta hagun ta ɗan ɗaga. Ni ban ga abin da na ɗauko ba sai kunnuwa. Siriri ne, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma da na duba da gilashin da ke girmama abu, na ga dusar katako a kafaɗarsa. Da farko na ɗauka tabo ne a takarda, har na ɗauko burushi. Na bar masa ita.

Telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya tarar da hotunan biyu a kan tebur, ya ce ai wannan tsohuwa ce da ɗanta. Na kai wa Inna maganar ina tsoron kada ta ji zafi, sai ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce in gaya wa tela ita ta yi sa'ar saurayi, shi kuwa ya fara koyon jera maɓalli daidai kafin ya sa baki a auren mutane. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Ya ce ya karɓa, yana kuma gaishe da amarya.

Yanzu ga yadda na tsara zaman. A hotonsa Baba bai dubi kyamara kai tsaye ba; ya ɗan karkatar da fuska zuwa damansa. Ƙasidar da ta yi bayani a kan hoton mutum biyu ta ce wajibi ne fuskokin su karkata zuwa juna, domin idan ɗaya ya dubi waje, idon mai kallo zai bi shi ya fice daga hoton, kuma za a ɗauka akwai saɓani tsakaninsu. Saboda haka tun ranar ɗauka na sa Inna ta ɗan karkata zuwa hagunta, na kuma zaunar da ita a damansa, inda yake duba. Hasken ya sauka musu ta gefe guda, inuwar haɓarsa da ta haɓarta sun bi hanya ɗaya. Ba yabon kai ba, Auta, ban taɓa aikin da ya zauna kamar wannan ba. Wanda bai sani ba zai rantse yana dubanta ne tana shirin yi masa magana.

Akwai wani abu da wannan karkata ta tuna mini, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, amma kwanakin nan da nake sunkuye a kan fuskarsa ya hana ni sakat. Ina ɗan shekara tara, malaminmu ya ba ni wata 'yar takarda mai nuna yadda ake huda kwali da allura, a toshe ɗaya gefen da takarda mai maiƙo, a ga hoton waje ya fito a kife. Na yi, ya kuwa fito: itacen bayan gidanmu, kansa a ƙasa. Na ruga da kwalin na tarar da Baba a bakin ƙofa yana wanke ƙafa, dawowarsa ke nan daga aiki. Na tsaya a gabansa na fara bayani, ina haki. Ban yi nisa ba ya kau da fuskarsa zuwa bango. Na tsaya. Ya ce in ci gaba mana, fuskar tana can. Na ce ba komai, na fita, na taka kwalin a bayan gida. Ba a jima ba gungumen katakon nan ya faɗa masa a wurin aiki, shi ke nan.

Ba wannan ne karo na farko da ya yi mini haka ba, amma shi ne na ƙarshe. Na girma da cewa ni yaro ne mai yawan surutun da ubansa bai iya jurewa ba. Ba zarginsa nake yi ba, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ke dawowa a gajiye. Sai dai da na gan shi ko a hoto ma ya kau da kai, na ji wani daɗi da na samu damar ajiye masa wanda zai duba a wajen.

Saura in gyara gefen mayafinta inda reza ta ɗan ci, in sa a gilashi. Ki yi mana addu'a. Gaisuwa ga mutan gida baki ɗaya.

Yayanki,
Mai Hoto

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da iyali. Ki yi haƙuri da rubutun yau idan kin ga bai miƙe ba. Wannan ce takarda ta uku da na fara, biyun farko na yaga.

Na kai wa Inna hoton. Na sa shi a firam baƙi, na lulluɓe da farin ƙyalle, matata ta tayar da ita ta jingina ta da matashi, ta sa mata tabarau. Na yaye ƙyallen. Ta kai yatsa kan gilashin ta bi wuyan rigarsa, ta bi kafaɗar mai dusar katako, hawaye na zuba ba ta share ba. Matata ta dube ni, ni ma na ɗauka buƙata ta biya. Can sai ta ɗago ta ce: “Ka zaunar da ni ta gefen da ba ya ji.”

Ban fahimta ba. Na shiga yi mata bayanin ƙa'ida, da yadda fuskoki suke karkata zuwa juna, da yadda idon mai kallo yake ficewa. Ta bar ni har na kai ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Sannan ta sa matata ta rufe ƙofa, ta gaya mana abin da ta riƙe tun kafin a haife ni.

Ashe kunnen Baba na dama a mace yake. Ƙarar zarton inji ce ta kashe kunnen tun yana saurayi, domin ta wannan gefen yake tsayawa. Ya ɓoye, saboda a wurin aikinsu ba a barin wanda ba ya jin kira, ga shi kuma da mata, daga baya ga 'ya'ya. Ita kaɗai ya gaya wa, ya kuma roƙe ta kada ta bari ko mu mu sani, domin yaro ba ya riƙe magana. Duk zaman da suka yi, a hagunsa take zama: wajen cin abinci, a kan tabarma, a hanya in suna tafe. Idan baƙo ya yi magana ta dama, ita ce take maimaita masa a hankali kamar tana tsoma baki, har dangi suka sa mata suna mai katsalandan, ta haƙura da sunan.

Sai ta ƙwanƙwasa gilashin daidai fuskarsa, ta ce wannan karkata da nake gani, mai hoton wurin aiki ne yake yi masa magana, shi kuwa yana so ya ji. Ta ce: “Ubanku in ka ga ya kau da fuska, kunnen ya miƙo maka. Wanda ya zuba wa ido kuwa, kallon bakinsa kawai yake yi, rabin maganar ba ta shiga.”

Auta, ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na tsinci kaina a shago da rana tsaka, cikin ɗakin duhu, ban ko kunna jar fitilar ba. Ina ta ganin bakin ƙofar nan, da butar da ke hannunsa, da fuskar da ta koma bango. Ya ce in ci gaba. Da bakinsa ya ce in ci gaba, ya kuma ba ni kunnen da yake da shi, ni kuwa na ce ba komai. Shekara arba'in ina ɗauke da abin a kife, kamar itacen cikin kwalina.

Akwai tambaya guda da ta zo mini har kan harshe, ban yi ta ba: ta wane gefe gungumen ya gangaro, kuma ko an ƙwala masa kira. Ina jin amsar wannan tambaya ce ta sa Inna ta ci gaba da yin shiru bayan babu sauran aikin da za a kore shi. Ke ma ina roƙonki, idan kin zo, kada ki tambaya.

Yanzu ga matsalar aiki. Tana so in mai da ita hagunsa. Idan na yi haka, Baba zai kasance yana duban waje, ya ba ta gefen fuska. Ita kuma da yake na ɗauke ta tana karkace zuwa hagunta, za ta dubi ɗaya wajen, su zama kamar masu gaba. Sake ɗaukarta ba zai yiwu ba. Ba ta iya zama ba jingina, fuskarta kuma ta faɗa ƙwarai a 'yan kwanakin nan, ba na so ta ga haka. Hanya ɗaya ce ta rage: in juya fim ɗinta wajen wanki, ta fito kamar a madubi, ta fuskance shi. Amma da na yi haka haskenta ma zai juya. Shi rana ta sauka masa ta nan, ita ta can, rana biyu a hoto guda, kuskuren da ƙasida ta ce ko ɗan koyo bai kamata ya yi ba.

Tela ya ce duk wanda ya ga hoton zai ce tsohuwa na ba da haƙuri, saurayi na fushi. Ban ji haushinsa ba, domin abin da ido zai gani ke nan. Na gaya wa Inna cewa mutane za su yi wa hoton mummunar fahimta. Ta tambaye ni mutane ne za su zauna a ciki ko ita.

Zan yi. Zan kuma bi hasken da burushi a hankali har in daidaita shi, kada in miƙa mata abin da bai dace da su ba. Ki gaida maigidanki.

Yayanki,
Mai Hoto

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, kuma zan fara da abin da ya fi muhimmanci: kada ki jira hutu. Ki nuna wa shugaban makarantarku wannan takarda idan akwai buƙata, ki taso. Likita ya zo gida ya duba ta, bai canja magani ba, bai kuma ce mu koma asibiti ba. Kin san ma'anar haka.

Gyaran hasken ya fi yadda na zata wuya. Duk inda na rage inuwa a kuncinta sai fuskar ta daina zama tata. Kullum na shiga gaishe ta sai ta tambaya, ni kuwa in ce saura kaɗan. Shekaranjiya matata ta same ni a shago, abin da ba ta cika yi ba, ta ce in dubi Allah in daina jan rai da tsohuwa. Na ce aikin bai kammala ba. Sai kawai ta miƙa hannu kan igiyar da nake shanya hotuna, ta cire hoton gwaji, ta sa cikin mayafinta ta fita. Na bi ta ina cewa wannan ba na nunawa ba ne: gefen mayafin Inna yana da zanen reza, alamar gam ta fito a tsakaninsu, ga rana biyun nan ƙuru-ƙuru. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Inna ta karɓa, ta kawo shi kusa da ido, ta daɗe. Sai ta yi murmushin da rabona da ganinsa tun kafin ciwon, ta ce yauwa, yanzu ya ji. Na ce ta ba ni in kammala in kawo mata mai kyau. Ta tura shi ƙarƙashin hannunta ta ce in je in yi ta kammalawa, wannan dai ya zauna.

Tun daga ranar yana kan matashinta. Matata ta ce idan ɗakin ya yi shiru takan ji ta tana magana ƙasa-ƙasa, tana ba shi labari: auren da aka yi miki, sunayen jikoki, rufin da muka sake, har da tela da maɓallansa. Ni ma na ji da kaina jiya, ina bakin ƙofa da kofin magani. Tana gaya masa cewa babban ya zama mai hoto, yana da hankali, sai dai ya cika tsoron kuskure. Na koma da kofin, sai daga baya na aiko matata da shi.

Ki taso, Auta. Ki riƙo rigar sanyi, ɗakinta yana da iska.

Yayanki

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa gida lafiya, kin kuma tarar da yara da maigidanki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ta da Baba a gidan rahama, ya ba mu ikon jure rashinta. Na gode wa Allah da kika same ta da rai, ko da yake ba ta iya yi miki doguwar magana ba. Ta gane ki. Na ga yadda ta kai hannu goshinki, kuma yanzu kin san dalili.

Gidan ya yi faɗi. Matata har yanzu takan zuba ruwan zafi a kofin Inna da safe kafin ta tuna. Tela ya rufe shagonsa ranar rasuwar, bai kuma ƙara yin wasa da ni ba, har na fara jin kewar tsokanarsa. Sakatar tagar nan kuwa sai jiya na gyara ta.

Akwai abin da na kasa gaya miki da baki, ga jama'a, ga kuma halina da kin sani. Hoto mai kyan, wanda na yi ta fama da haskensa, na kammala shi ne da safen ranar da ta cika. Ina cikin goge gilashinsa aka aiko a kira ni. Ba ta gan shi ba. Da matata ta bi maganata, da Inna ta tafi tana zaune a gefen da ba ya ji. Na gode wa matata, ta ce in bar maganar, amma ban iya barinta a raina ba.

Mai kyan ne na cire daga firam na naɗe miki tare da wannan takarda, tsakanin kwali biyu. Kada ki bari ya lanƙwashe, kada kuma ki rataye shi inda rana ke bugawa kai tsaye. Hasken ya daidaita, ba za ki ga alamar haɗi ba. Amma Baba yana nan yana duban waje, wannan ban taɓa ba, ba kuma zan taɓa ba. Baƙi za su tambaye ki me ya sa ya kau da kai daga gare ta. Ki gaya musu saurare yake yi. Yanzu babu aikin da za a raba shi da shi.

Na gwajin yana wurina, ina neman izininki in riƙe shi. Da muka ɗauko shi daga kan matashinta na kai shi shago na duba da gilashi. Daidai kunnen Baba na hagu takardar ta koɗe, ta yi fari, saboda yawan shafawar yatsarta. Hannuna ya kai kan burushi kafin in ankara. Gyaran ba zai ɗauke ni komai ba. Na mayar da burushin cikin kofinsa.

Na rataye shi a ɗakin duhu, inda ba mai shiga sai ni, da rana biyunsa da zanen rezarsa. Jiya bayan na sallami mutumin ƙarshe, na samo kwalin fim wanda ba komai a ciki, na huda shi da allura daga gwangwanin Inna, na toshe bayansa da takarda mai maiƙo. Na ɗaga shi a ƙofar shago, shagon tela ya fito a kife, da keken ɗinkinsa da komai. Na shiga da kwalin ciki, na tsaya a hagun Baba, kusa da Inna, na ɗauko bayanin daga inda na tsaya. Bai juyo ba. Na ci gaba har na kai ƙarshe.

Ki gaishe mini da maigidanki da yara. Matata tana gaishe ki da kyau. Idan kin samu sarari ki kira ni a waya, zan gwada.

Ni ne yayanki mai ƙaunarki,
Mai Hoto